Bunun da Ban Ɗaure Ba

Zaman ɗaki da yara ranar ruwa wahala ce, kada wani ya gaya maka daɗi. Malkar bana kwana biyu ta tsare mu cikin ɗaki guda a Tasawa, ni da mai ɗakina da ɗiyanmu uku da tsohuwata, wadda na ɗauko daga ƙauye saboda aikin ido da aka yi mata a gidan likita. Ni ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, in sama ta sako ba ni da wurin zuwa. Moto na jingine a zaure, kwatar unguwa ta cika ta dawo mana tsakar gida da ledoji da takalman mutane, bayana na ciwo, ga kwano bisa kai yana ƙara kamar ana zuba masa tsakuwa. In kana son ka ce a miƙo maka buta sai ka ɗaga murya kamar mai faɗa.

Kuran, wutar lantarki ke nan, ya ɗauke tun farkon ruwan, tele ta zama akwati. Salular uwarsu babban yaron ya ƙarar da sharjinta kafin azahar. Daga nan aka ɗauko lido, aka tarar ƙwayar jefawa ta ɓace, suka yanki sabulun wanki suka ɗiga masa baƙin gawayi, aka yi zagaye biyu aka kaure. "Baba, ya ci mini ɗa!" "Ƙarya yake, shida ta ba ni." "Sabulun ne ya liƙe!" Na ce in na tashi daga su har lidon ruwa zai ci. Aka koma karti, shi ma rabinsa ɓera ya ci. Na tsakiyar ya yanka kwalin shayi ya yi mota da murafen kwalba, autar, mace ce, ta zauna a kai. Uwarsu ta zuba musu wake a faifai su tsince, suka mayar da shi harsashi. Abin da ya ɗan riƙe su shi ne robobin da muka tara ƙarƙashin yoyo: kowa ya zaɓi tasa, wanda tasa ta riga cika shi ya ci. Wannan ma bakansi ce, hutun makaranta, ba lakwal, ba inda za ka tura su ka huta. Ina zaune bakin ƙofa ina kallonsu, ina jin haushinsu, ina jin tausayinsu. Yaran birni in aka kashe musu wuta kamar an kashe su ne.

Mu ba haka muka tashi ba, kuma ba cewa nake mun fi su jin daɗi ba. Ƙauyenmu na can bayan Kona, kuma malka lokacin yunwa ce, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kwaɗon tafasa ne safe da marece. Amma ɗakinmu na jinka ne, ruwa in ya sauka bisa bunu ba ya ihu, shuu kawai kake ji, kamar ana sheƙar gero daga nesa. Ana magana a hankali kowa ya ji. Ka ji kwaɗi daga tabki, ka ji akuya tana atishawa a rumfa, ka ji hayaƙin ɗanyen itace ya cika ɗaki har ido na hawaye, ba wanda ya damu. Babanmu in ya leƙa ya ga gari ya haɗe sai ya ce, "To, tunda ba a fita, kowa ya kama wani abu." Shi ya jawo kabar da ya jiƙa, ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiya a babban yatsansa yana tufka. Ni ke miƙa masa kaba ɗaya ɗaya, in na miƙa mai kauri ya ƙwanƙwashe ni da ita a ka. Inna na ɓarar ragowar gyaɗa ko tana ɗinkin faifai. In aiki ya lafa mu haƙa ramukan dara a daɓen ɗaki, ni da tsinke, Baba da ƙwallon aduwa, ya cinye ni tas yana dariya ba sauti. Ƴan mata su yi carabke da duwatsu. A yi kacici-kacici, wanda ya kasa a sa shi ya fita ya tari ruwan bakin jinka a ƙwarya. Yini guda sai ya wuce ba ka san ya wuce ba.

Abu guda ne ba a yi da rana, shi ne gatana, wadda yaran yanzu suka sani da tatsuniya. Tsofaffi sun ce wanda ya yi ta da rana, ko shi ko wanda ya saurara, wani zai ɓata. In kuwa ta kama dole, to akwai magani: a aiki wani ya fita bakin ƙofa, ya kama tsinken bunun da ke lilo a gefen jinka, ya ƙulle shi tam ba tare da ya tsinke ba. An ɗaure ta ke nan, sai a yi. Haka muka taras ana yi a garinmu, ban san na wasu ba. Kuma duk garin ba mai gatana kamar Inna. Da rani in an ci tuwo yaran gida huɗu ke taruwa tabarmarta. Tana canza murya, ta yi ta tsoho, ta yi ta dabba, ta sa waƙa a tsakiya mu amsa. Ko niƙa take bisa dutse da waƙa take yi, mata na tsayawa da tulu a ka su saurara.

Shekarar da abin ya faru ina cikin famfara, haƙorana na gaba biyu sun fita. Ƙanwata kuwa ba a daɗe da yaye ta ba, ta iya gudu, ta iya surutu, ba ta iya zama ba. Ruwa ya kwana ya yini. Baba ruwan ya tsare shi gidan wansa, ba tufka, ba dara. Yunwa na cin mu, ƙanwata na ta kuka, ni ma na sa nawa rikicin: sai gatana. Inna ta ce rana ce. Na ce ai ɗaki duhu ne. Ta ce rana ce dai. Na yi ta naci, na kwanta ƙasa ina birgima, yarinyar ta ga ina yi ita ma ta kama. Har Inna ta gaji ta ce, "Kai, tashi ka ɗaure mini bunu, ka ƙulle shi da kyau, ka ji ko?" Na fita da gudu. Bakin ƙofar nan ne duk ruwan jinka ke zubowa, ya sauka mini a ƙeya, sanyi har cikin haƙori. Na yi ɗage na kamo tsinke, tsohon bunu ne ya ruɓe, ina lanƙwasa shi ya tsinke. Na kamo wani ya tsinke. Sai na ji daga ciki ta fara gyaran murya tana lallashin yarinyar, na ji kamar za a fara ba ni. Na yar da abin da ke hannuna na faɗa ɗaki ina rawar ɗari. Ta ce, "Ka ɗaure?" Na ce, "Na ɗaure." Ta goge mini kai da bakin zanenta, ta fara.

Wallahi gatanar ma ban riƙe ta ba. Na dai san akwai waƙa ciki, muna amsawa, ƙanwata na amsawa bayan kowa ya gama, mu yi dariya. Da la'asar ruwa ya ɗauke, rana ta leƙo, gari duka ya fito lokaci guda kamar an buɗe akurki. Mata suka yi rijiya, maza suka yi gona duba ɓarna, mu yara muka bi gina, gara mai fiffike, da ta tashi muna kamawa a ƙwarya. Kowa ya ɗauka yarinyar na wurin wani. Sai da magariba aka farga ba ta nan. Wata mata ta ce ta gan ta tana bin ɗan akuya wajen bayan gari. Hatsi lokacin ya fi tsawon namiji, yana farawa daga bayan danga har inda ido ya ƙare. Kwana uku ana nema. An buga ganga, an zo daga garuruwan kusa, an bi gona kunya kunya ana kiran sunanta, an shiga tabki da sanduna, an bi gulbi, wanda shekarar nan ya kawo ruwa. Ɗan akuyar ya dawo da kansa. Ita ko zanenta ba a gani ba.

Rana ta huɗu aka zauna tsakar gida, mata cike. Kakata, uwar babana, ta riga ta ji labarin gatanar, don ni da bakina na ba yara. Ta dubi Inna ta ce, "An ce kin yi gatana da rana." Inna ta ce, "Na yi, amma an ɗaure. Ga wanda ya ɗaure nan." Duk idon gidan ya juyo kaina. Kaka ta ce, "Kai, ka ɗaure?" Na ga Baba tsaye da igiyar da ya tufka a hannu, na ga idon Inna ya kumbura. Na ɗaga kai alamar i. Ba wanda ya tashi ya duba jinka, iska ta riga ta yamutsa ta, kuma wa zai tsaya ƙaryata yaro a ranar makoki. Kaka ta ce, "To, in an ɗaure kuma ta ɓata, ba laifin rana ba ne. Baki ne." Ba ta ƙara ba. Limamin gari ya ji ya ce canfi ne, kwanan yarinya ne ya ƙare, a ji tsoron Allah. Maza suka ce haka ne. Mata kuwa, daga ranar in Inna ta shiga barka sai ka ga an juya jariri wajen bango. In ta ce wa yaro sannu, uwarsa ta tofa masa yawu a ka. Tabarmarta ta rani ta bushe. Niƙa ta koma yi shiru, sai gurzar dutse kawai kake ji. Ni kuwa na girma, na yi ƙwadago a Najeriya, na dawo, na yi aure, na sayi moto, na zauna birni. Duk shekara in malka ta kama sai na ce bana zan gaya wa Inna gaskiya. In lokacin girbi ya yi sai in ce abin ya wuce, tada shi ba amfani.

Mu koma ɗakinmu na Tasawa, yini na biyu, bayan azahar. Inna na kishingiɗe bisa katifa, ido ɗaya liƙe da auduga, tana jan tasbaha. Yaran sun ƙare duk wasan da suka sani sun koma cizon juna. Mai ɗakina ƴar birni ce, ba ta san wannan labari ba, ban taɓa ba ta ba. Ta matsa kusa da kunnen tsohuwa ta ce, "Inna, ki taimake ni da jikokinki, kaina zai tsage. Ko gatana ɗaya ce ki yi musu."

Babban ya ce, "Mi ne ne gatana?"

Uwarsu ta ce, "Irin wadda madam ke karanta muku a lakwal, amma ta baka."

Inna ta nuna shi da tasbaha ta ce, "Ji mini mijin banza. Kwana nawa ina gidanka ko goro ba ka kawo ba, kuma ni zan biya ka da gatana?" Yaron ya ce ai ta tsufa, ya sake ta tun bara. Aka yi dariya, na ce a raina an wuce wurin. Amma autar ta riga ta hau ƙafarta ta zauna. "Kaka, ki yi." Inna ta ce, "Rana ce." Yarinyar ta ce, "Ai duhu ne, kuran ya ɗauke." Bakina na yarinta na ji a bakinta. Uwarsu ta ce, "In don rana ce ai ana ɗaurewa. Mu a gidanmu bakin zane ake ƙullewa. Kawo in ƙulle nawa."

Inna ta ajiye tasbaha. Ta ce, "An taɓa ɗaure mini, ɗiyata. Bai hana ba. Abin ba ga rana yake ba, ga bakina yake." Ta sa hannu biyu ta ture yarinyar daga jikinta a hankali. "Ɗauke ta daga gabana. Ina son ta."

Nan na gane abin da na daɗe ina gani ina kau da kai. Yaran nan uku, tun daga haihuwarsu, Inna ba ta taɓa cewa ɗaya ya yi kyau ba, ko ya yi girma, ko ya yi wayo. Tsiya kawai take musu, mummuna, mai kan tulu, mijin banza. Ni na bar wa raina cewa wasan jika ne, ko kunyar ɗan fari ce, tunda ni ne na farinta. Ashe tsare su take daga bakinta. Tsohuwa mai furfura, ido ɗaya a rufe, tana tsoron ta yabi jikarta.

Ruwan ya ƙara ƙarfi daidai lokacin, kwano kamar zai faɗo. Ina kallon waje na ce, "Inna, ban ɗaure ba." Ko ni ban ji muryata sosai ba. Kuma gaskiya sai na ji wani sauƙi na rashin kunya: na faɗa, Allah ya ji, in ita ba ta ji ba ba laifina ba ne. Na manta autar, da aka ture ta, jikina ta zo ta raɓe. Ruwa ya ɗan sassauta kamar yadda yake yi ya ja numfashi, sai muryarta ta fito tsaf: "Kaka, Baba ya ce bai ɗaure ba. Mi ne ne bai ɗaure ba?"

Inna ta juyo da lafiyayyen idon. "Mi ka ce?"

Ɗaki guda ne, waje ruwa, ba inda zan kora yara. A gabansu na faɗa duka, ruwan ƙeya, tsinken da ya tsinke sau biyu, gyaran muryarta, ƙaryar farko, da ɗaga kan da na yi gaban kakata. Ina faɗi ina jin ɗigon yoyo cikin robobi. Ba wanda ya motsa, har na tsakiyar da ba ya iya zama.

Inna ta gyara zama. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, sai da na matso: "Da uwar mijina ta hana ni goyon jikokinta, kana nan. Da aka riƙa juya mini jarirai, kana nan. Ka yi gemu kana nan. Ubanka ya mutu yana ɗauka haka nake, kai ka sa shi a rami."

Na ce, "Inna, yaro nake."

"Wanda ya ce ya ɗaure yaro ne, ban riƙe shi ba. Haƙori ma ba shi da shi. Wanda ya yi shiru nake tambaya."

Sai na kama ta malamai. Na ce ai liman ya faɗa tun lokacin, canfi ne, da an ɗaure da ba a ɗaure ba kwananta ya ƙare. Ta ce, "Ni ma na san Allah. Shi ya ba ni ita, Shi ya karɓa, wannan na gama da shi tuntuni. Ba maganarta nake ba. Maganata nake." Ta ja zane ta rufe kai, ta juya ta fuskanci bango.

Babban yaron ya raɗa wa uwarsa, "Mama, wa ya ɓata?" Ta ce ya rufe mata baki. Ni ban dubi kowa ba.

Wajen la'asar ruwa ya ɗauke. Yaran unguwa suka fito da ihu, ana sa jirgin takarda a kwata, nawa suka zabura za su bi. Na daka musu tsawar da ban taɓa yi ba, har maƙwabci ya leƙo ta katanga. Suka tsaya cirko-cirko. Uwarsu ta ce, "Malam, ƙofar gida ce kawai, ina ganinsu." Na bar su suka fita, amma na tsaya a zaure ban zauna ba sai da suka dawo jiƙe da taɓo. Inna ba ta ci tuwo ba. Da mai ɗakina ta kai mata kwano sai ta ce, "Ki gaya masa gobe gida za ni." Ina zaune taku uku daga gare ta. Mai ɗakina ta ce, "Inna, likita ya ce sai an sake duba idon ran Litinin." Ta ce, "Idon ya jira."

Da gari ya waye na kwashe ruwan zaure da bokiti, na goge moto, na sha wahala kafin ta tashi don sanyi ya shige ta. Na ɗaure ƙunshin kayanta a tanki, na sa maganin ɗigawa cikin leda na cusa a ciki. Ta fito tana lalube da sanda, mai ɗakina na riƙe da gwiwar hannunta. Yaran na tsaye bakin zaure. Da ta zo daidai autar sai ta tsaya, ta sunkuya, ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, ta daɗe tana kallonta da idon nan guda. Ta ce, "Ke kam kyakkyawa ce. Tubarkalla. Ga wayo." Yarinyar ta dubi uwarta don ba ta san abin da ake amsawa ba. Sannan Inna ta hau bayana. Duk ɗaukar da na taɓa yi mata rigata take damƙewa da hannu biyu tana cewa in rage gudu. Ranar nan ƙarfen baya ta riƙe. Na sa giya, na bi gefen kwalta inda ruwa ya janye, muka kama hanyar Kona a hankali.